Iskar da Ban Rage Ba

Ni mai facin taya ne, ban taɓa yin wata sana'a ba. Karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta daga baya, saboda haka wanda ya ga zancena bai yi tsari ba ya yi haƙuri. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na ji ɗana yana ba abokansa labari cewa baffansa ya taɓa shiga tseren mota yana saurayi, ya faɗi saboda ganganci. Suka yi dariya, shi ma ya yi. Ni na bar 'ya'yana da wannan labari tun suna ƙanana, kuma ba haka aka yi ba.

Iyayenmu daga ƙasar Kano suka taso a ƙafa, suka nufi Makka. An haife ni a hanya, a wani ƙauye na Sudan inda suka tsaya tsinkar auduga. Ƙanena kuwa a unguwar Misfala ta Makka aka haife shi, a cikin bukkar da mahaifinmu ya haɗa da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka miƙe. Akwai biyu a tsakaninmu da ba su rayu ba, shi ne na ƙarshe, don haka Auta muke ce masa. Mahaifinmu ɗan ga-ruwa ne, gwangwani biyu da sanda a kafaɗa, daga bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, zuwa gidajen da ke kan dutse. Ya rasu Auta bai gama fitar da haƙoran girma ba. Daga nan ni na zama uba a gidan, ni da Inna.

Bayan babban yaƙin Turawa motoci suka fara yawa a Makka, raƙuman alhazai suna raguwa. Na sami shiga garejin wani attajiri mai manyan motocin jigilar alhazai da ƙananan motocin haya na hanyar Jidda. Warsha ake ce wa wurin, shi kuma mai shi Mu'allim muke ce masa, domin da hannunsa ya fara kafin ya yi arziki. Na so in zama direba. Kowa a wurin abin da yake so ke nan. Amma idona na hagu ya yi fari tun wani ciwo da na yi ina yaro. Mu'allim ya sa na rufe na dama da tafin hannu, ya tsaya a gefena ya ɗaga yatsu, ya ce in ƙirga. Ban ga komai ba. Bai yi mini faɗa ba, ya kai ni rumfar taya ya miƙa mini ƙarfe.

A can na gano ina da kunne. A lokacin ba mu da abin awon iska, ko in ce akwai guda ɗaya amma yana kulle a akwatin Mu'allim. Da ƙarfe ake bugun taya a saurara. Taya mai tauri tana amsawa da ƙara siririya, wadda aka rage mata iska kuwa muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar an bugi buhun gero. Tsakanin waɗannan biyu akwai muryoyi da yawa, kuma duk na san su. Direbobi suka daina duba tayarsu. In na buga na ce ta yi, sai su shiga su tafi.

Auta ya biyo ni warsha yana matashi. An sa shi wankin mota, amma kafin shekara ta zago shi ke juya manyan motocin nan a cikin farfajiya, yana shigar da su inda tsofaffin direbobi sai an tsaya musu a baya ana ba su hannu. Yana jin inji yadda nake jin taya. Akwai wani tsohon direba Badamagare, abokin wasanmu ne mu Kanawa, kullum yana tsokanarsa yana cewa bai taɓa ganin Bakano ya yi sauri ba sai in an ce ga riba a gaba. Auta sai ya ce masa, "Baba, ai ku da tsere kuka saba, shi ya sa har yanzu ba ku tsaya ba." Tsohon ya bi shi da bulalar fanbel, kowa na dariya.

Mu'allim yana da wata al'ada da ya ɗora wa kansa. In an gama aikin hajji, alhazai sun watse, motoci sun huta, yakan tara samarin da ba su da takardar tuƙi, na garejinsa da na maƙwabta, ya gwada su da tsere. Wurin da ake yi fili ne a lokacin, ta wajen inda yanzu Aziziyya take, babu komai sai yashi da duwatsu da 'yan ƙayoyi. Ana tashi daga gindin wata bishiyar ƙaya, a ƙetare wani busasshen kwari mai rairayi, a zagaya wani dutse a dawo. Da tsofaffin ƙananan motocinsa ake yi, bibbiyu, har a fitar da gwani ɗaya. Wanda ya ci, Mu'allim zai nema masa takardar tuƙi, ya tura shi Jidda ya yi watanni wurin wani bakanike yana koyon inji, in ya dawo ya damƙa masa sabuwar mota. Har da agogon hannu. Ga ɗan Takari kamarmu, wanda ubansa ya mutu da sanda a kafaɗa, wannan ita ce ƙofar da ban san wata kamarta ba.

Yana da doka guda, kuma kowa ya san ta. Wanda aka fi shi gudu yana iya dawowa baɗi. Wanda ya faɗi don sakaci, ya bar lagireto ba ruwa ko ya taɓa abin da ba a sa shi ba, wannan ya fita ke nan har abada, domin a cewarsa rayukan baƙin Allah ake ɗauka a motocin nan. Ruwa da mai na wuyan direba. Taya kuwa tana wuyana.

A yashi ba a tafiya da taya mai tauri. Sai an rage iska ta baje, ta hau saman rairayi. In aka bar ta da tauri sai ta haƙa rami ta zauna a ciki. Kowane mai mota a Hijaz ya san wannan. Aikina a ranar tsere shi ne in bi motocin ɗaya bayan ɗaya in rage musu iska daidai wa daida, don kada a ce an fifita wani.

Shekarar da Auta ya isa shiga, babu wanda ya yi shakkar wanda zai ci. Inna ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ta ga gawarwakin wata mota da ta kife a hanyar Mina, tun daga nan ba ta son ko ƙarar inji. Ta kira ni tana tankaɗe, ta ce in yi yadda zan yi in hana shi, biyu ta binne a wannan gari ban da ubanmu, ba ta son na uku. Na ce mata to. Shekaru da yawa da wannan magana tata na riƙa rufe kaina. In abin ya taso mini sai in ce ai umarnin uwa na bi. Amma Inna cewa ta yi in hana shi, wato in zaunar da shi in yi masa magana a matsayina na yayansa. Ban yi masa maganar ba ko sau ɗaya.

Ga abin da ya shiga zuciyata a gaskiya. Ana saura kwana biyu muna zaune a gahawar bakin warsha, wato rumfar mai shayi, kan dogayen kujerun igiya, ana shan shayi. Mu'allim ya zo wucewa ya dafa kafaɗar Auta, ya ce da Larabci wa mutanen da ke wurin wai gida ɗaya Allah ya raba kyauta biyu, ƙaramin ya sami hannu, babban ya sami kunne, kuma mai kunne ai a zaune yake aiki. Ba da mugunta ya faɗa ba, ina ganin ma yabo yake nufi. Aka yi dariya. Badamagaren nan ya ƙara da cewa nan gaba kaɗan Auta zai tsaya da sabuwar mota ya danna ƙaho, ya ce, "Kai mai faci, duba mini ta baya." Na yi dariya tare da su har da buga cinya. Da na koma rumfata na zauna na ga abin a idona sarai: shi da agogo a hannu, ni a durƙushe a gindin motarsa. Ni da na goya shi. Ni da na bar cin abinci ya ci.

Ranar tseren muka fita da hantsi a bayan babbar mota, da tulunan ruwa da tabarmi. Mutane sun taru fiye da yadda na saba gani, har da 'yan unguwarmu da suka tako a ƙafa don su ga ɗan Misfala. Auta ya ci zagayen farko, ya ci na biyu. A duka biyun na rage masa iska yadda ya kamata, kuma ya ƙetare kwarin nan kamar a kan kwalta. Saura shi da wani saurayi ɗan Yamal, yaro mai natsuwa, amma kowa ya ga ba sa'ansa ba ne.

Kafin zagayen ƙarshe Mu'allim ya ce a canja motoci, a kawo biyun da ba a taɓa ba, don injinan farko sun yi zafi. Waɗannan biyun da iskar kwalta suka zo, tayoyinsu tsantsan. Na fara da ta ɗan Yamal, na rage huɗun duka, na buga, suka amsa daidai. Na zo ta Auta. Na rage na gaba biyu, domin su ne direba ke gani in zai shiga. Da na zagaya baya na durƙusa, na danna bakin iska ya yi ɗan huci don na kusa su ji, na sake shi. Haka na yi wa ɗayar. Sannan na turo yashi da ƙafata na rufe gindinsu, yadda ba mai ganin ba su baje ba. Ban buga su da ƙarfe ba, don kada wani ya ji muryarsu. Jikin motar na buga.

Auta ya leƙo ta taga, fuskarsa duk ƙura, yana murmushi. Ya ce, "Yaya, sun yi?"

Na ce, "Sun yi."

Bai sauko ya duba ba. Me zai sa ya duba?

Aka saki mayafi suka tashi. A kan tsandauri ya ba ɗan Yamal rata mai yawa, 'yan unguwarmu suna ta tsalle. Ya gangara kwarin, ya yi kamar tsawon mota biyar a cikin rairayi, sai bayan motar ya fara nutsewa. Muna hango yashi yana tashi sama ta baya, motar kuwa ba ta gaba. Ya sa giyar baya, ya dawo ta gaba, ta ƙara zama. Ɗan Yamal ya zo ya wuce shi a hankali, ya zagaya dutse, ya dawo ya sake wuce shi a inda yake. Wurin ya yi tsit, in ban da 'yan uwan wanda ya ci.

Muka taka zuwa kwarin gaba ɗaya. Auta yana tsaye a gefen motar. Mu'allim ya zagaya ta sau ɗaya, ya miƙo hannu ya karɓi ƙarfen da ke hannuna, ya share yashi ya bugi tayar baya. Ta yi ƙara siririya, wadda ko kurma ya san ma'anarta. Ya bugi ɗayar, haka. Ya juyo ya dube ni, ya tambaya a hankali wa ya taɓa tayoyin nan.

Kowa a wurin ya san abin da ke cikin tambayar. In laifin mai taya ne, za a sake tseren, ni kuma na bar warsha a ranar, kuma babu direban da zai ƙara yarda da kunnena a Makka. In laifin direba ne, Auta ya fita har abada. Ina jin maganar tana nan a maƙogwarona, kalma biyu ce kawai, "ni ne", amma na tsaya ina kallon ƙarfen da ke hannun Mu'allim.

Auta ne ya yi magana. Ya ce, "Mu'allim, Yaya ya rage. Ni na ɗauki famfo na ƙara, na ji tsoron kada taya ta fita daga ƙarfenta a wajen zagaya dutse."

Mu'allim ya daɗe yana dubansa. Famfon yana cikin babbar mota, nesa da inda aka tashi, kuma ina zaton ya san haka. Ya sake juyowa gare ni, ya ce haka ne? Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma na daɗe ina ƙirga wannan a matsayin ban yi ƙarya ba. Ya miƙo mini ƙarfena. Ya ce wa Auta ya yi asarar direba mafi kyau da ya gani, amma doka doka ce, wanda ya fi mai taya sanin taya ya je ya buɗe garejinsa.

A hanyar komawa Badamagaren bai tsokani kowa ba. Da muka sauka ya matso kusa da ni ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗan Kano, yau kunnenka ya yi nauyi." Ya wuce. Bai sake zama kujera ɗaya da ni a gahawa ba har ya bar aiki.

Inna ta yi hamdala da ta ji an faɗi, ta dafa mana shinkafa da nama kamar ranar salla. Auta ya ci, ya yi mata godiya. Ni ban ci ba, na ce zafin rana ne.

Labari ya bazu a garejin garin cewa yaron nan yana da hannu amma yana da taurin kai, yana taɓa abin da ba a sa shi ba. Ba wanda ya yarda ya tsaya masa a kan takarda. Ya ci gaba da wankin mota na 'yan watanni, yana ganin ɗan Yamal ya dawo daga Jidda da agogonsa. Wata safiya ya ɗauko sandar mahaifinmu daga bayan bukka, ya sayi gwangwani biyu, ya tafi bazan. Na ce masa ya zo rumfata mu yi faci tare, akwai aiki. Ya ce a'a, Yaya, ya fi son aikin da shi kaɗai zai duba kayansa. Ya faɗe ta ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci a akushi ɗaya. Bai taɓa rage mini girma ba. In na shigo ya tashi, in za a ci ya jira in fara. Na yi aure ya yi ɗawainiya fiye da kowa. Da zai zage ni da na sami sauƙi. Nakan hango shi daga rumfata yana hawan dutse da ruwa, kafaɗarsa ta fara karkata irin ta mahaifinmu, in mota ta wuce sai ya ɗan tsaya ya karkata kai yana sauraron injinta.

Bayan rasuwar Inna da kwana arba'in na same shi a bazan da la'asar, yana jiran layi. Na ja shi gefe na ce ina da magana a kan ranar tseren nan. Na fara kewaye-kewaye, ina kawo zancen Inna da tsoronta. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Tun a gangaren farko na sani, Yaya. Bayan motar yana tsalle."

Na ce to me ya sa ya rufa mini.

Ya ce, "Ban rufa maka ba. Na ba ka lokaci ne. Na ɗauka in na faɗi haka za ka ce ƙarya nake."

Na roƙe shi gafara, ina kuka a gaban 'yan ga-ruwa. Ya ce maganar taya ya yafe tun a filin, kowa zuciya tana iya ɗibarsa. Shirun da na yi ne yake ta fama da shi. Ya ce ba ya neman mota yanzu, lokacinta ya wuce, abu ɗaya yake so: in je gahawar warsha, a gaban Mu'allim da direbobin da suka rage, in faɗa musu bai taɓa famfo ba. Na ce gobe in Allah ya kai mu.

Na je. Na sa farar riga na je, na zauna, aka kawo mini shayi. Mu'allim yana nan, ya tsufa, yana jan carbi. Wani direba ya ce in zo in saurara masa tayar gaba, ba ya yarda da kunnen kowa sai nawa. Na tashi na saurara masa. Na dawo na shanye shayin, na yi sallama. Na sake zuwa sau biyu, haka. Kafin hajjin shekarar Mu'allim ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da motocin, tseren ma ya mutu tare da shi. Auta bai tambaye ni ko na je ba. Ya ga amsar a fuskata.

Duk wanda ya tsaya a kwarin nan a wannan rana, yanzu ya mutu, in ban da mu biyu. Kwarin ma an cike shi an yi gidaje. Auta yana unguwar Shisha wurin 'yarsa, kafaɗar dama ba ta ɗaguwa, kuma har yau in na shiga yana ƙoƙarin tashi. Bai taɓa riƙe takardar tuƙi ba.

Gahawar da ya ce in je babu ita, mutanen da ya so su ji babu su. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yana da nasa, masu ba da labarin baffa mai ganganci. Ranar Juma'a muna haɗuwa a gidan 'yar tasa bayan an sauko daga Harami. Na gaya wa babban ɗana zan ba shi takarda ya karanta a gaban kowa kafin a sa hannu a abinci, kuma in ya ga na fara cewa a bari sai wani lokaci, kada ya saurare ni. Yaran kuwa, Larabci ya fi zama a bakinsu, sai ya riƙa tsayawa yana fassara musu. Ban san abin da Auta zai ce ba, mai yiwuwa ba zai ce komai ba. Abin da nake so su ji shi ne wannan: baffanku bai taɓa famfo ba. Ya tambaye ni ko sun yi, na ce sun yi.